Layin da ya san inda ya dosa: yadda Inkscape ta samu alƙalamin haɗi, da inda aikin ya cije

A watan Nuwamba na 2005 aka fitar da siga ta 0.43 ta Inkscape, manhajar zane ta kyauta wadda kowa ke da damar buɗe tushenta ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Cikin sababbin abubuwan da ta zo da su akwai wani alƙalami na daban. In kana da akwatuna biyu a shafi, sai ka danna tsakiyar na farko ka ja zuwa tsakiyar na biyu, layi ya haɗa su. Ka ɗauke akwati guda ka kai shi wani gefen shafin, layin ya biyo shi. Ka ajiye akwati na uku a tsakaninsu ka ce a kauce masa, layin ya karkata ya zagaye shi. Duk wanda ya taɓa zana tsarin shugabancin ma'aikata, ko matakan da takarda ke bi daga wannan ofis zuwa wancan, ya san darajar wannan abu, domin irin wannan zane ba a gama shi a zama ɗaya. Da zarar an ce a cusa wani sashe a tsakiya, duk kibiyoyin da ke kewaye sun tashi aiki, kowace sai an kama ta da hannu an mayar da ita mazauninta.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan alƙalami yana cikin mafi kyawun da aka yi a fanninsa, kuma ɗaya daga cikin masu binciken da suka ƙirƙiro shi ne da kansa ya kawo shi cikin manhajar. Duk da haka, in aka ce wa mutum ya zana tsarin wayoyin wuta ko matakan aiki, da wuya Inkscape ta fara zuwa ransa. Zai fi tuna wasu manhajoji irin su Visio, ko draw.io, ko LibreOffice Draw. Tazarar da ke tsakanin ƙarfin lissafin da matsayin da alƙalamin ya samu a hannun masu zane ita ce abin dubawa a nan.

Gidan da baƙon ya sauka

Inkscape ta samo asali ne a 2003, lokacin da mutum huɗu daga cikin masu aiki a kan manhajar Sodipodi, wato Ted Gould da Bryce Harrington da Nathan Hurst da wanda aka fi sani da laƙabin MenTaLguY, suka ɗauki kwafin tushenta suka kama hanyarsu. Babban burinsu shi ne manhajar ta bi ƙa'idar SVG sau da ƙafa. SVG tsarin rubuta zane ne da ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da shi a 2001, ta sabunta shi a farkon 2003. Fayil ɗin SVG rubutu ne zalla da mutum zai iya buɗewa ya karanta: ga murabba'i a wuri kaza mai faɗi kaza, ga da'ira, ga layi da ya tashi daga nan ya lanƙwasa a can. Kowace siffa tana iya ɗaukar suna na musamman da babu mai irinsa a cikin fayil ɗin.

Abin da SVG ba ta da shi shi ne hanyar cewa wannan layi na waɗancan akwatuna biyu ne. A wajenta layi jerin lambobi ne kawai. In ƙarshensa ya taɓa gefen akwati, dacewa ce. An taɓa rubuta daftarin ƙara layin haɗi cikin SVG a W3C, amma bai kai ga zama ƙa'ida ba.

Manhajojin da aka haifa domin zanen tsari ba su da wannan matsala. Dia, wadda Alexander Larsson ya fara a 1998, tana rubuta wuraren maƙala layi a cikin bayanin kowace siffa tun asali. Tsarin OpenDocument, wanda LibreOffice ke amfani da shi kuma aka amince da shi a 2005, yana da layin haɗi a matsayin abu mai zaman kansa, da gurbin rubuta siffar da ya tashi daga gare ta, da wadda ya nufa, da ainihin wurin da ya maƙale a jikin kowace. A draw.io ma kowane layi yana ɗauke da sunan mafarinsa da na maƙurarsa. Inkscape kuwa ta masu zanen tambari ce da hotunan littafi da fastoci, inda siffa ke hawa kan siffa ba tare da kowa ya ce an yi kuskure ba.

A 2005 ne Google ya fara shirinsa na biyan ɗalibai su yi wa buɗaɗɗun manhajoji aiki a lokacin dogon hutu, tsakanin Yuni da Satumba. A wannan shekarar, ɗalibin da ya kammala aikinsa ya samu dala 4,500. Ɗaya daga cikin waɗanda Inkscape ta samu shi ne Michael Wybrow, mai karatun digirin digirgir a Jami'ar Monash da ke Melbon a ƙasar Ostareliya. Bincikensa ma a kan editocin zanen tsari yake, yana aiki da Kim Marriott da Peter Stuckey. A watan Satumba na shekarar su ukun suka gabatar da maƙala a kan zaɓar wa layin haɗi hanya, a taron masana zanen tsari da aka yi a Limerik ta ƙasar Ailan. Wata biyu bayan taron, abin da ke cikin maƙalar ya isa kwamfutocin jama'a. Ba kasafai bincike ke fita daga jami'a da irin wannan sauri ba.

Yadda layi ke samun hanya

Tambayar da za a warware tana da sauƙin faɗa. Ga shafi, ga siffofin da ba a son layi ya ratsa, ga mafari ga maƙura. Wace hanya ce mafi gajarta?

Ka ɗauki igiya ka ɗaura a turke, ka bi da ita tsakanin buhunan da aka jibge a tsakar gida har ka kai wani turken, sannan ka ja ta ta miƙe sosai. Igiyar ba za ta lanƙwasa a fili ba, sai dai a inda ta tokari kusurwar buhu. Gajeriyar hanya a tsakanin siffofi masu kusurwa haka take. Saboda haka ba sai an binciki dukan shafin ba, kusurwoyin siffofin kaɗai sun isa. Sai a ɗauki kowace kusurwa a matsayin zango, a ja mata zare zuwa duk wata kusurwar da take hango ba tare da wata siffa ta tare tsakani ba. Abin da ya fito taswira ce ta wa ke ganin wa. Masu ƙera mutum-mutumi sun daɗe da sanin wannan dabara. Tomás Lozano-Pérez da Michael Wesley sun bayyana ta a 1979 domin na'ura ta ratsa ɗaki ba tare da ta yi karo da kaya ba. Neman gajeriyar hanya a cikin taswirar ma tsohon ilmi ne, akwai dabarar Edsger Dijkstra ta 1959, akwai kuma A* ta 1968 wadda Peter Hart da Nils Nilsson da Bertram Raphael suka fitar, mai sa bincike ya karkata wajen maƙura maimakon ya bazu ko'ina.

Wahalar tana cikin yawa. Akwati 100 na da kusurwa 400, kuma kusurwa 400 na ba da tagwaye 79,800 da za a tambayi kowanne ko suna ganin juna. In akwatunan suka zama 200, tagwayen sun kai 319,600. Ninka zane sau biyu yana ninka aikin kusan sau huɗu. Mai tsara wa na'ura hanya yana gina taswirar sau ɗaya ya huta, tunda bangon ɗaki ba ya motsi. Mai zane kuwa jan akwati yake yi da linzamin kwamfuta, kuma kowane ɗan motsi na hannunsa yana canza wa ke ganin wa. In za a rushe taswirar a sake ta daga farko a kowane motsi, kwamfutar 2005 za ta riƙa cijewa har mutum ya gaji ya koma jan layinsa da hannu.

Gudunmawar Wybrow da abokan aikinsa ita ce hanyar gyara taswirar ba tare da an rushe ta ba. Bayan jerin kusurwoyin da ke ganin juna, sai suka ajiye jeri na biyu, na waɗanda ba sa ganin juna, kowane tagwaye da sunan siffar da ta tare su. Matsar da akwati sai aka ɗauke shi a matsayin abu biyu: an cire shi daga nan, an ajiye shi a can. Da aka cire shi, ba sai an sake duba tagwaye dubu saba'in da wani abu ba, sai waɗanda aka rubuta cewa shi ne ya tare su. Da aka ajiye shi, sai a yanke zaren da ya faɗa a kai, a lissafa abin da kusurwoyinsa ke hangowa daga sabon wurin. Layukan haɗi ma ba duka ake sake wa hanya ba, sai wanda akwatin ya zauna a kan hanyarsa, da wanda wurin da aka bari zai iya ba shi hanya mafi gajarta. Sauran suna nan yadda suke. Wannan yana da fa'ida ta biyu bayan sauri: zanen ba ya rikiɗewa gaba ɗaya a gaban mai shi don kawai ya taɓa akwati guda.

Wybrow bai cusa wannan lissafi cikin jikin Inkscape ba. Ya ware shi a matsayin laburare mai zaman kansa, wato sashen manhaja da wasu manhajoji za su iya ɗauka su yi aiki da shi, da ake kira libavoid, a harshen C++, wanda bai san komai game da SVG ko launi ko linzami ba. Ana miƙa masa siffofi masu kusurwa da bakin layuka, ya dawo da jerin wuraren da kowane layi zai bi. Ko da'ira ce ko tauraro, Inkscape kan kewaye ta da wani shinge mai kusurwoyi wanda ba shi da loko, ta ƙara masa 'yar tazara don kada layi ya gogi jikin siffar, sannan ta miƙa wa laburaren.

Abin da aka rubuta a fayil

Shawarar da ta fi kowace nauyi a wannan aiki, a ganina, ba ta cikin lissafin. Tana cikin amsar tambayar nan: in mai zane ya adana aikinsa ya rufe kwamfuta, a ina za a rubuta cewa layin nan na akwatunan can ne?

Ana iya ƙirƙiro sabon abu a cikin fayil, a sa masa suna layin haɗi. Matsalar ita ce duk wata manhajar da ba Inkscape ba za ta tsallake abin da ba ta sani ba, mutum ya buɗe zanensa a Firefox ya tarar da akwatuna babu ko kibiya ɗaya. Hanyar da aka bi ta fi hikima. Layin haɗi ana rubuta shi a matsayin layin SVG na yau da kullum, da lambobin hanyar da libavoid ya zaɓa. Sannan a jikinsa a rataya ƙarin bayanai masu tambarin Inkscape, waɗanda ƙa'idar ta yarda kowace manhaja ta yi watsi da su in ba nata ba ne. Akwai inkscape:connection-start mai ɗauke da sunan siffar da layin ya tashi daga gare ta, da inkscape:connection-end na wadda ya nufa, da inkscape:connector-type mai faɗin irin layin. Siffar da ake son a kauce mata kuma ana rataya mata inkscape:connector-avoid.

Da wannan, zanen yana fitowa daidai a ko'ina aka buɗe shi. Farashin da aka biya shi ne dangantakar tana raye a cikin manhaja ɗaya tak. In ka buɗe fayil ɗin a wani editan ka matsar da akwati, layin yana nan inda ka bar shi. In ka adana shi a matsayin SVG tsantsa, wanda Inkscape ke tsame wa duk bayananta na cikin gida, hoton bai canza ba amma layukan sun manta da akwatunansu, kuma babu abin da zai nuna maka hakan sai ranar da ka zo gyara. Ina ganin an yi zaɓin da ya dace. Manhajar da ta yi alkawarin bin ƙa'ida ba ta da hurumin fitar da fayil ɗin da ita kaɗai ke iya nunawa, kuma mutanen da ke kallon zane sun ninka masu gyara shi nesa ba kusa ba.

Daga wannan shawara wani dogon aiki ya biyo baya, irin wanda ba ya shiga maƙalar taro. In aka goge akwati, layin da ke maƙale da shi yana nuni ga sunan da babu shi, dole a kwance wannan bakin a bar layin a inda yake. In aka kwafi akwatuna biyu da layinsu, sababbin akwatunan suna samun sababbin sunaye, kuma kwafin layin bai kamata ya ci gaba da kallon tsofaffin ba. Wata siffar tana cikin rukuni wanda aka juya, rukunin kuma yana cikin wani da aka ƙara wa girma, kowane da ma'auninsa, sai an mayar da su duka ma'auni ɗaya kafin a san inda layi zai sauka. Sannan tunda lissafi yana kai layin har tsakiyar siffa, dole a datse shi a daidai gefenta, in ba haka ba kan kibiyar zai shige cikin akwati. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana taɓa wani sashe na manhajar da wani mutum daban ya rubuta, wanda bai taɓa tunanin wata siffa za ta dogara da motsin wata ba.

A hannun mai zane

Siffofi ba sa zama abin kaucewa da kansu. Sai ka zaɓe su ka danna maɓallin da ke cewa layuka su kauce musu. Akwai dalili mai ƙarfi: a manhajar zane, babban murabba'in da ke bayan komai a matsayin launin shafi shi ma siffa ne, kuma in aka ce a kauce masa babu inda layi zai bi. Amma sabon shiga bai san da haka ba. Yana jan layinsa na farko, ya ga ya ratsa ta cikin akwati, sai ya ɗauka alƙalamin bai iya zagaye ba. Mafi kyawun abin da ke cikin aikin yana ɓoye a bayan maɓallin da mutum zai iya shekara bai lura da shi ba. Akwai wasu ƙananan hukunce-hukunce irin wannan, misali layin da bai rufe ba ba a ɗaukarsa a matsayin siffar da za a maƙala wa komai, kuma akwai zaɓin hana rubutu nuna wurin maƙalawa, don kada sunan da ke cikin akwati ya riƙa ƙwace layin daga akwatin.

Babban gibin shi ne tsakiya. Siffa tana ba da wuri ɗaya ne na maƙalawa, cibiyarta. Ga zanen da'irori da ke nuna wa ya san wa, hakan ya wadatar. Amma a zanen matakan aiki, akwatin yanke hukunci yana da mafita biyu, na e yana fita ta ƙasa, na a'a ta gefe, kuma mai karatu ya dogara da wannan. A zanen lantarki kowace ƙafa ta na'ura da aikinta. Wayar da ta sauka a ƙafar da ba tata ba ta canza ma'anar zanen gaba ɗaya. Layin da ke nufar cibiya yana fita ta duk inda lissafi ya ga ya fi kusa. Wanda ya matsu sai ya zana ɗan ƙaramin ɗigo a gefen akwatin ya maƙala layin a jikinsa, sannan ya riƙa tunawa da jan su tare.

Gyaran nan yana kama da mai sauƙi, amma tushensa yana komawa ga fayil. A Dia wanda ya ƙera siffa shi ya faɗi inda ake maƙala mata layi. A Inkscape siffa duk abin da mutum ya zana ne, ana iya murɗa ta, a yanke ta, a narkar da ita da wata. Wurin maƙalawa a jikin irin wannan siffa, da me za a auna shi?

2006, 2010, da wasu haruffa biyu

Siga ta 0.44, wadda ta fito a Yunin 2006, ta ƙara aikin Tim Dwyer, shi ma daga Monash: maɓallin da ke ɗaukar akwatunan da layuka suka haɗa ya shirya su da kansa a shafi, da wani mai raba siffofin da suka hau kan juna ta hanyar matsar da su kaɗan gwargwadon buƙata. Laburarorin da ke wannan aiki, libcola da libvpsc, suna tare da libavoid a cikin tarin da ake kira Adaptagrams.

Abin da masu zanen injiniya ke jira shi ne layin da ke tafiya a tsaye ko a kwance kawai, yana karya kwana a digiri 90. Wannan matsala ce daban, domin a nan gajarta ba ta isa ba. Tsakanin wurare biyu akwai hanyoyi masu yawa da tsawonsu ɗaya, wata mai lanƙwasa guda, wata kamar matattakala. Wybrow da Marriott da Stuckey sun gabatar da amsarsu a taron 2009 a Shikago, kuma mataki uku ce. Da farko daga kusurwoyin siffofi ake jan layuka a tsaye da a kwance har su ci karo da wani abu, mahaɗarsu ta zama zangunan da za a bi. Sai a nemi hanya da A*, amma kowace lanƙwasa a ɗora mata tara, yadda hanya mai ɗan tsawo da kwana ɗaya za ta doke gajeriya mai kwana huɗu. Mataki na uku ya fi burge ni. Layuka da dama sukan zaɓi rariya ɗaya tsakanin akwatuna su kwanta a kan juna, mai kallo ya kasa gane wanne ya shiga wanne ya fita. Sai a jera su bisa tsarin da zai rage ratsa juna, a ɗan ture kowanne gefe da tazara daidai, wanda yake shi kaɗai kuma a daidaita shi a tsakiyar rariyar.

A 2009 ɗin ce kuma wani ɗalibin shirin Google, Arcadie Cracan, ya ɗauki aikin inganta alƙalamin. Siga ta 0.48 ta Agustan 2010 ta fito da layi mai karya kwana, da ma'aunin tausasa kusurwoyinsa. Wanda ya buɗe fayil ɗin da aka yi da wannan siga zai ga wani sabon bayani a jikin layukan, inkscape:connection-start-point, da darajar d4. Harafin yana nufin wurin maƙalawa na asali, lambar kuma tana nufin na tsakiya a cikin wurare tara da aka jera uku-uku, ana ƙirga daga sifili. Wato an riga an haƙa harsashin kusurwoyi da gefuna, an kuma tanadi gurbin wuraren da mai zane zai dasa da kansa. Ginin ne bai tashi ba. Damar dasa wurin maƙalawa ba ta zama tabbataccen ɓangaren alƙalamin ba, kuma fayilolin wancan zamani suna cike da d4, d4, d4, kowane layi yana bayyana cewa cikin wurare tara ya zaɓi wanda shi kaɗai aka ba shi.

Shekarun da suka biyo baya

Daga 0.48 zuwa babbar siga ta gaba, 0.91 ta Janairun 2015, an ɗauki fiye da shekara huɗu. Ƙarfin 'yan sa-kai ya tafi ga sake injin da ke nuna zane a allo, daga baya kuma ga sauya kayan gina fuskar manhajar zuwa GTK 3, aikin da ya kai ga siga ta 1.0 a Mayun 2020. Ayyuka ne da suka shafi kowane mai amfani, ba kuma za a ga laifin wanda ya fifita su ba.

Sai a siga ta 1.1, a Mayun 2021, layukan haɗi suka fara bin akwati a daidai lokacin da ake jansa. Kafin nan sai ka saki linzami sannan su yi tsalle su koma sabon wuri. A tuna cewa dukan manufar binciken 2005 ita ce lissafi ya yi saurin da zai bi hannun mutum yana motsi. Saurin yana nan tun ranar farko. Abin da ya rage shi ne alƙalamin zaɓi, wanda ke jan siffofi, ya riƙa sanar da layukan cewa ana motsi tun kafin a ajiye. Shekara 15 da 'yan watanni ke tsakanin samun lissafin da haɗa wannan 'yar waya. Wannan yana damuna, domin duk wanda ya gwada alƙalamin a waɗannan shekaru ya yi masa hukunci ne da abin da hannunsa ya ji.

Ba na ɗora wa kowa laifi a nan, tsarin ne ya ba da haka. A wancan lokaci shirin Google kuɗin wata uku na ƙirƙira yake biya. Ɗalibi ya gama, ya koma ga kundinsa, daga nan ya kama aiki. Rahotannin matsala kuwa sai bayan an saki siga suke fara shigowa, kuma suna sauka ne a gaban mutanen da yawancinsu masu zanen hoto ne, waɗanda ba sa amfani da alƙalamin a aikinsu na kullum. A buɗaɗɗiyar manhaja sashe yana samun kulawa ne in akwai wanda abin ke ci wa tuwo a ƙwarya kuma ya iya rubuta gyaran. Masu zanen tsari da suka ci karo da matsalar tsakiya suna da wasu manhajojin kyauta da za su koma, don haka ba su zauna sun matsa ba.

Ware libavoid da aka yi tun farko ya cece shi daga wannan jinkiri. Ya ci gaba da girma a hannun mai shi, a cikin Dunnart, editan binciken da Wybrow ya gina, kuma lasisinsa na LGPL, ɗaya daga cikin lasisin buɗaɗɗun manhajoji, ya ba wasu manhajoji damar ɗaukarsa, har da na kasuwanci. Laburaren ya koyi maƙala layi a ƙayyadadden wuri a jikin siffa da tilasta masa fita ta wata fuska, ainihin abin da mai zanen lantarki ke nema. Inkscape tana riƙe da kwafinsa a cikin rumbun tushenta, kuma kwafi irin wannan sai wani ya ɗauki nauyin daidaita shi da na asali lokaci zuwa lokaci.

Saboda haka wanda zai ɗauki wannan aiki yau ba sabon lissafi yake buƙata ba. Tambayoyin da ke gabansa na fayil ne da na ɗabi'a, kuma sai ya amsa su kafin ya rubuta komai, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, abin da ya shiga fayilolin mutane kuwa ya bushe. In an auna wurin maƙalawa da kashi na faɗi da tsawon siffa, zai bi ta in ta ƙara girma, amma zai iya faɗawa a fili in siffar tauraro ce. In an ɗaure shi a kan ɗaya daga cikin gaɓoɓin siffar, zai zauna daram a gefenta har ranar da mai zane ya goge wannan gaɓa. In an mai da shi 'yar siffa ɓoyayya a cikin rukuni, ya dace da SVG, ya kuma dace da alamomin lantarki da ake kwafa sau da yawa, sai dai kowane kwafi yana buƙatar hanyar bambanta ƙafarsa da ta ɗan'uwansa. Sai kuma abin da zai faru in an juya siffar: layin da aka ce ya fita ta ƙasa, ƙasan shafi ake nufi ko ƙasan siffar? Duk wadda aka zaɓa, dole fayil ɗin da aka adana da 0.43 wanda bai ambaci wurin maƙalawa ba sam, da na 0.48 mai ɗauke da d4, su buɗe layukansu na nan a inda masu su suka bar su.